Wa Ya Yi Miki Baftisma? Lacca a kan Sakramenti da Alherin Allah

An ɗauko wannan daga faifan wata lacca da aka gabatar wa masu koyar da ajin baftisma. An rage maimaici kaɗan.

Iyayena da shugabannina, 'yan'uwa maza da mata, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Na ga shugaban zama ya kwance agogonsa ya ajiye a kan tebur, na kuma gane saƙon, don haka ba zan yi doguwar shimfiɗa ba.

Shekarun baya, wata dattijuwa ta tsaya bayan sujada, ta jira sai da kowa ya watse, sannan ta matso ta ce, "Malam, so nake a sake yi mini baftisma." Na ce, "Mama, lafiya?" Sai ta buɗe jaka ta fito da katin baftismarta, ya tsufa har ya yage a wurin ninki, ta ɗora yatsa a kan sa hannun da ke ƙasa. Mutumin da ya sa hannun nan, wanda ya nutsar da ita a ruwa tun tana budurwa, daga baya an kama shi da cin kuɗin ikilisiya, aka sauke shi, ƙarshe ma ya bar bangaskiyar gaba ɗaya. Ta dube ni ta ce, "In hannun da ya wanke ni mai dauɗa ne, ni na wanku?"

Mama ba ta taɓa shiga makarantar tauhidi ba, amma tambayar da ta yi ta taɓa raba ikilisiya gida biyu fiye da shekara 100. Zan dawo gare ta. Bari mu fara da kalmar kanta.

Sakramenti kalmar Latin ce. A rundunar Romawa, ita ce rantsuwar da soja yake yi ranar da ya shiga aiki, cewa daga yau shi ba na kansa ba ne. Tatuliyan, wani malamin ikilisiya a birnin Kartaj wajen shekara ta 200, yana cikin na farko da suka ɗauko kalmar suka ɗora wa baftisma. Masu jin Helenanci kuwa, kalmar da suke amfani da ita tana nufin asiri, har yau ma haka ikilisiyoyin Otodoks suke kiran sakramenti. Sai dai ku yi hattara da wannan a cikin aji. Da Hausa, ka ce asiri, hankalin rabin ɗalibanka ya tafi wurin boka. Asirin da Manzo Bulus yake nufi shi ne abin da yake ɓoye a zuciyar Allah, yanzu kuma ya bayyana shi a fili ga kowa.

Agustin, bishof na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya kira sakramenti kalma wadda ido yake gani. Ya ce ka cire kalmar, ruwa ruwa ne kawai; kalmar ta sauka a kan ruwan, sai ya zama sakramenti. Abu biyu ke nan suke haɗuwa: abin da hannu yake taɓawa, da alkawarin da bakin Allah ya furta. Alherin kuwa, kun sani, tagomashi ne da Allah yake yi wa wanda bai cancanta ba. Tambayar ita ce, me ya sa Allah Ruhu zai aiko da irin wannan kyauta mai girma a cikin ruwa da gutsuren gurasa?

Ku buɗe 2 Sarakuna sura 5. Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, kuturu ne. Ya taso da dawakai da karusai, da azurfa talanti 10, da zinariya 6,000, ya tsaya a ƙofar gidan Elisha. Annabin ko leƙowa bai yi ba. Ɗan aike ya tura ya ce masa ya je ya yi wanka sau 7 a Urdun. Na'aman ya fusata. Ya ce shi ya zaci mutumin zai fito ya tsaya, ya kira sunan Allahnsa, ya kaɗa hannu a kan ciwon. Kuma in ruwa ake nema, Abana da Farfar na Dimashƙu ba su fi duk ruwayen Isra'ila ba? Ta wani gefen yana da gaskiya, ruwan Urdun ba shi da wani sinadarin warkar da kuturta. Barorinsa ne suka yi masa hankali, suka ce, Baba, da abu mai wuya aka ce ka yi, ai da ka yi. Ya sauka ya nutsa, naman jikinsa ya koma kamar na ƙaramin yaro.

Ni ina ganin yawancinmu Na'aman ne. Muna son tsawa da walƙiya, muna son mu ji tsigar jikinmu ta tashi kafin mu yarda Allah ya taɓa mu. Allah kuwa ya san da turɓaya ya yi mu. Mu ba mala'iku ba ne, muna da fata da harshe da ciki. Wanda ya zama jiki ya zauna a cikinmu, wanda ya kwaɓa laka da yawunsa ya shafa wa makaho a ido, ba zai ji kunyar saduwa da mu a cikin kwano da ƙoƙo ba. Ranar da zuciyarka ta bushe, addu'a ta ƙi fita, wa'azi ya shiga ta nan ya fita ta can, har yanzu kana iya miƙa hannu, a sa maka gurasa a tafi, a ce maka, "An bayar dominka." Ba ka buƙatar ka ji komai kafin maganar ta zama gaskiya.

To, mu koma ga tambayar Mama. A shekara ta 303 Sarkin Roma Diyokilishiyan ya ba da doka a rushe majami'u, a tattara Littattafai Masu Tsarki a ƙone. Waɗansu shugabanni suka ƙi, aka azabtar da su, waɗansu har suka mutu. Waɗansu kuwa tsoro ya kama su, suka miƙa littattafan. Da ƙura ta lafa, aka naɗa sabon bishof a Kartaj mai suna Sisiliyan, sai wani ɓangare ya tashi ya ce naɗin bai yi ba, domin a cewarsu ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗibiya masa hannu yana cikin masu miƙa littattafai. Waɗannan su ne aka riƙa kira mabiyan Donatus, da sunan shugabansu. Hujjarsu mai sauƙi ce, kuma kada ku raina ta, domin mutane ne da suka binne shahidansu: wanda ba shi da abu, ba ya bayar da shi. Duk wanda ya dawo wurinsu daga ɗaya ɓangaren, sai sun sake yi masa baftisma.

Amsar Agustin ita ce nake so kowane malamin aji ya haddace. Ya ce Bitrus ya yi baftisma, Almasihu ne ya yi. Bulus ya yi, Almasihu ne ya yi. Yahuza, wanda ya bashe shi, ya yi, Almasihu ne dai ya yi. Ya kawo misalin magudanar dutse: ruwa yana bi ta cikinta zuwa lambu, ita magudanar ko ciyawa ba ta tsirowa a cikinta, amma lambun yana ba da 'ya'ya. Ku yi tunani, da ingancin baftismarka ya rataya a kan tsarkin zuciyar mai hidima, wane ne a cikin zauren nan zai kwana da tabbaci? Ka leƙa zuciyar faston da ya yi maka? Shi kuma ya leƙa ta wanda ya yi masa? A 411 bishof fiye da 500 na ɓangarorin biyu suka zauna a Kartaj, hukunci ya faɗa a kan mabiyan Donatus. Ba zan ɓoye muku ba, Agustin ya goyi bayan a yi amfani da ƙarfin gwamnati a tilasta musu, a nan kam ban bi shi ba. Amma a kan ainihin tambayar, Katolika da Angilikan da Lutaran da sauran manyan ikilisiyoyin gyara, wato waɗanda suka rabu da Katolika, duk a bayansa suka tsaya.

Yanzu wani zai ce, Malam, ashe ke nan laya ce, a rataya maka kawai ta yi aiki. A'a. Ayyukan Manzanni sura 8 tana nan. Siman mai sihiri a Samariya an yi masa baftisma, ya riƙa bin Filibus, amma da ya ga manzanni suna ɗibiya hannu, sai ya zaro kuɗi zai sayi ikon. Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Jikinsa ya jiƙe, zuciyarsa a bushe. A Koranti kuma, masu hali suna riga matalauta cin abinci, wani da yunwa, wani a buge, har Bulus ya ce musu wannan ba Jibin Ubangiji suke ci ba, ya kuma ce saboda haka da yawa a cikinsu suke rashin lafiya. Abin da aka ajiye a tebur na gaske ne, shi ya sa wulaƙanta shi yake da hatsari. Majalisar Tirent ta Katolika ta ce sakramenti yana ba da alheri ga wanda bai sa shinge ba. Masu gyara suka ce bangaskiya ce hannun da yake karɓa. Akwai bambanci tsakanin maganganun nan biyu, ban musa ba, amma bai kai faɗin da muke nunawa ba idan muna zagin juna.

Batun adadi ba zan daɗe a kai ba. Bitrus Lombad, malami a Faris wajen 1150, shi ya jera 7: baftisma, tabbatarwa, Jibin Ubangiji, furta zunubi, shafe marasa lafiya da mai, naɗin masu hidima, da aure. Tirent ta tabbatar da su a 1547. Martin Luta kuwa tun a 1520 ya ce sai abin da Yesu da kansa ya umarta, mai alkawari da alama a tare, sai ya rage 2, baftisma da Jibin Ubangiji. Amma ko masu 2 ɗin suna ɗaura aure a majami'a, suna naɗa fastoci, suna zuwa gefen gadon mara lafiya kamar yadda Yaƙub 5:14 ta ce. Sunan ne ba su ba su ba.

Inda aka yi zafi sosai shi ne a kan teburin. A 1529 aka haɗa Luta da Zuwingili na Zurik a garin Marbug na Jamus, da fatan su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Batutuwa 15 aka rubuta, suka yarda a kan 14. Na ƙarshen ya gagara. Luta ya ɗauki alli ya rubuta a kan tebur, "Wannan jikina ne," ya ce shi daga nan ba ya gusawa. Zuwingili ya riƙe Yahaya 6:63, cewa Ruhu ne mai rayarwa, jiki ba ya amfana komai, don haka gurasar alama ce ta tunawa. Suka rabu ba su daidaita ba. Jon Kalbin a Janiba ya zo daga baya ya ce gurasa tana nan gurasa, amma Ruhu Mai Tsarki yana ciyar da mai bi da Almasihu da gaske. Ya kuma kira sakramenti hatimi, kamar yadda Romawa 4:11 ta kira kaciyar Ibrahim. Hatimi ba ya ƙara kalma ko ɗaya a wasiƙa, amma shi yake sa ka tabbata daga fada ta fito. Katolika kuma tun majalisar Lataran ta 1215 suke koyar da cewa ainihin gurasar da ruwan inabin yana sakewa ya zama jiki da jinin Ubangiji.

In kun tambaye ni, abin da nake jin tsoro a cikinmu shi ne mu mai da abin ya zama namu kaɗai: ni nake shaida, ni nake tunawa, ni na yanke shawara. Gaskiya ne muna tunawa, Yesu ne ya ce mu yi haka. Amma 1 Korantiyawa 10:16 ta ce ƙoƙon nan tarayya ce cikin jinin Almasihu, Romawa 6 kuma ta ce an binne mu tare da shi. Gawa ba ta binne kanta. Yi maka ake yi.

Kada kuma mu ɗaure Allah da igiyar da ya ba mu. Ɓarawon da ke kan gicciye bai taɓa ruwa ba, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Karniliyas da gidansa Ruhu ya sauko musu tun Bitrus yana cikin magana, baftismar ta biyo baya. Koyarwar Katolika ma ta faɗa ƙarara cewa Allah bai ɗauru da sakramentinsa ba. Mu ne aka ce mu je Urdun. Batun baftismar jarirai kuwa, na san akwai masu jirana da shi a baya can, sai a lokacin tambayoyi.

Mama dai na zaunar da ita na ba ta labarin magudanar dutse. Na tambaye ta, "Da sunan wa aka yi miki?" Ta ce da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Na ce, "Sunan mutumin nan yana ciki?" Ta yi shiru, ta girgiza kai. Ta daɗe tana juya katin, sannan ta yi mini tambayar da ban shirya mata ba: "To shi fa? In ya dawo, za a sake masa?" Na ce a'a, tuba zai yi, tasa baftismar tana nan tana jiransa. Ta ce to, ashe za ta fara sa shi a addu'a, don shekara da shekaru ko sunansa ba ta iya ambata. Sai ta tambaya ko ina da abin manne takarda. Na jawo aljihun tebur na samo salatif, ta riƙe gefe ɗaya na riƙe ɗaya, muka manne katin, ta mayar jaka.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga ka ɗaga agogon. A kawo tambayoyin.