Murɗa Wuya Don Maganin Ciwon Ƙugu: Me Ke Faruwa a Cikin Jiki?

Kun sha ganin bidiyon a TikTok: an kwantar da mutum rigingine, mai magani ya tallabi ƙeyarsa da hannu biyu, ya karkatar da kan a hankali, sai ya fizga. Ƙas! Wannan aikin masu kairofiraktik ne, wato sana'ar magani ta hanyar dannawa da murɗa gadon baya, wadda D.D. Palmer ya kafa a Davenport ta Amurka a 1895. Ɗansa B.J. Palmer ne ya yaɗa ra'ayin cewa in an daidaita ƙashin wuya na sama, sauran gadon baya zai miƙe.

Ƙasusuwan wuya bakwai ne, na ƙugu biyar, kuma akwai sha biyu a tsakaninsu. Ciwon ƙugun da ya haura wata uku galibi daga tsoka, gaɓoɓi da guringuntsin wurin yake tasowa. Ƙarar nan kuwa kumfar iska ce a ruwan gaɓa, babu ƙashin da ya koma mazauninsa.

Gwaje-gwajen da suka nuna ɗan sauƙi, ƙugun kansa aka danna, kuma sauƙin bai wuce na motsa jiki ba. Babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa fizgar wuya na warkar da ƙugu.

Abin da ya fi damun mu shi ne jijiyoyin jini biyu da suke bi ta ramukan ƙasusuwan wuya, su lanƙwasa a ƙashi na farko, sannan su shiga kwanyar kai. Fizga na iya tsaga bangon jijiyar daga ciki, jini ya daskare a wurin, gudan ya ɓalle ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa, shanyewar jiki ta biyo baya. Ba kasafai yake faruwa ba, amma a 2014 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ce a riƙa sanar da majiyyaci wannan alaƙa kafin a taɓa wuyansa.

Mai zaizayewar ƙashi, da mai amosanin gaɓɓai, da mai shan maganin tsinka jini, kada su yarda a fizga musu wuya. Wanda aka yi wa kuma ya ji matsanancin ciwon ƙeya, jiri, gani bibbiyu ko harshe ya yi nauyi, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da kwana biyu ne bayan aikin.

Shi ƙugun, tafiya kullum da atisayen ƙarfafa tsokar ciki da baya, a hannun likitan gashin ƙashi, su ne matakin farko. In fitsari ya ƙi fita ko tsakanin cinyoyi ya mutu, wannan na likitan tiyata ne, a ranar.