Akwatin da ɗan aike ba shi da makullinsa

A shekarar 2016, wata kotu a jihar Bajiniya ta Amurka ta aika wa masu manhajar aika saƙo ta Signal sammaci: a kawo duk bayanan da ke hannunsu kan wasu lambobin waya guda biyu. Da suka duba, ɗaya ce kaɗai ke da rajista. Abin da suka miƙa bai wuce ranar da aka buɗe asusun ba, sai lokacin da mai shi ya hau na ƙarshe. Ba saƙo, ba sunayen abokan hira. Ba taurin kai suka yi ba, babu ne, kuma da gangan suka gina manhajar haka.

To yaya aka yi?

Ɗauka kana da kwaɗo da ɗan makullinsa. Kwaɗon a buɗe yake, kana ba duk mai so. Ɗan makullin kuwa yana aljihunka. Mai son aiko maka wasiƙa zai sa ta a akwati, ya datse da kwaɗonka, ya ba ɗan aike. Ɗan aiken ya yi ta jijjiga akwatin, ba abin da zai gani. Wayarka ce ke ƙera kwaɗon da makullin da lissafi, kamfani kuma shi ne ɗan aiken. Masana biyu 'yan Amurka, Whitfield Diffie da Martin Hellman, su ne suka bayyana tushen wannan dabara a 1976.

Moxie Marlinspike da Trevor Perrin, waɗanda suka ƙirƙiro tsarin kulle saƙo na Signal, suka ƙara mata wani abu da ya fi burge ni: kowane saƙo da nasa sabon makulli, ana gama amfani da shi a jefar. Ɓarawo ko ya sace na yau, ba zai buɗe hirar jiya da shi ba. Wannan tsari WhatsApp ya kammala ɗora wa masu amfani da shi a watan Afrilun 2016.

Sai dai fa ɗan aike ba makaho ba ne. Bai san abin da ke cikin akwati ba, amma ya ga gidan da ya kai shi, da ƙarfe nawa. WhatsApp na iya sanin wannan, Signal kuwa ƙoƙarinsa kada ya ajiye shi.

Akwai kuma ƙofar baya. Hirar da wayarka ke kwafewa zuwa Google Drive ko iCloud, tun 2021 WhatsApp ya ba da damar kulle ta ita ma. Shiga saitin ajiyar hira ka duba ko taka a kulle take.