Jawabin Maraba da Shugaban Sashen Lissafi Ya Gabatar ga Shehin Malami Mai Ziyara

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Mai girma Shugaban Jami'a, shugabannin tsangayoyi, shehunnan malamai, abokan aiki, ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, babban baƙonmu, a madadin malamai da ɗaliban wannan sashe ina yi maka lale marhabin da sannu da hanya, muna kuma gode wa Allah da ya sauke ka lafiya. Da yawa daga cikin waɗanda suka cika wannan zaure ba 'yan lissafi ba ne, sun zo ne don girmama ka, saboda haka ya zama wajibi, da izininka, in bayyana musu fannin da ka daɗe kana yi wa hidima, wato nazarin lissafan yaɗuwa na ajin farabola waɗanda ba su tafiya a miƙe, waɗanda kuma ƙarfinsu yake gushewa a wasu wurare, musamman idan an shimfiɗa su a fili marar iyaka ko a lanƙwasasshen sarari da masana suke kira manifol.

Asalin maganar lissafin zafi ne, wanda Bafaranshen nan Joseph Fourier ya buga cikakken bayaninsa a 1822. Lissafi ne mai ladabi, domin idan ka haɗa amsoshi biyu nasa sai ka sami amsa ta uku, kuma duk yadda aka soma da gargada, nan da nan yake mayar da ita santsi. Sai dai yana da wata ɗabi'a da hankali bai cika natsuwa da ita ba: idan aka ɗumama wuri guda, lissafin yana cewa a take ɗumin ya isa ko'ina, komai nisa, ko da kuwa ɗan mitsitsi ne. Abin da Shehi yake nazari ya saɓa da wannan tun daga tushe. Shahararren misalinsa shi ne lissafin kwarara cikin ƙasa mai ƙofofi, wanda ake rubutawa u_t = Δ(u^m) tare da m ya fi 1, inda ƙarfin yaɗuwa yake dogara da yawan abin da ke yaɗuwar, wato u, har ya zama babu shi sam a inda u ta zama sifiri. Duk wanda ya taɓa zuba ruwa a kan rairayi ya ga haka da idonsa, domin jiƙaƙƙen wuri yana da baki, bakin yana matsawa sannu a hankali, abin da ke gabansa kuwa busasshe ne ƙayau.

Wannan lissafi ba a ɗakin karatu aka haife shi ba. Injiniya Henry Darcy, wanda ya yi aikin samar wa birnin Dijon ruwan sha, shi ya gwada wucewar ruwa cikin yashi ya fitar da ƙa'idarsa a 1856; a kanta Joseph Boussinesq ya gina lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa a 1903, wanda ya yi daidai da m = 2; daga baya Leibenzon a Rasha da Muskat a Amurka suka iso ga irinsa ta hanyar nazarin iskar gas a cikin duwatsu. A 1950 Zeldovich da Kompaneets, sannan Barenblatt a 1952, suka rubuta amsar da har yau ita ce madubin fannin, wadda take nuna yadda abin da aka tara a ɗigo guda yake bazuwa. Lambobinta suna da ban sha'awa: a lissafin Boussinesq a kan shimfiɗaɗɗen fili, nisan da bakin ruwa ya kai ba zai ninka biyu ba sai lokaci ya ninka sau 16.

A bakin nan ne wahalar take, kuma a nan nake so ɗalibanmu su kasa kunne. Tun da ƙarfin yaɗuwa ya gushe a can, amsar ba ta da santsin da za a iya ɗaukar sauyinta kamar yadda muke koyarwa a ajin kalkulas, don haka ma'anar amsa ita kanta sai da aka sake mata fasali. Olga Oleinik, tare da Kalashnikov da Zhou, su suka tabbatar a Mosko a 1958 cewa amsa bisa wannan sabuwar ma'ana, wadda ake kira raunanniyar amsa, tana nan, ita kaɗai ce, kuma tana tafiya da gudu mai iyaka. Hanyoyin De Giorgi da Nash da Moser, waɗanda suka warware matsalar santsi a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, ba su shiga nan kai tsaye, saboda sun dogara ne da cewa ƙarfin yaɗuwa ba ya faɗuwa ƙasa da wani mataki. Sai da Aronson da Bénilan suka samo ƙiyasinsu a 1979, Caffarelli da Friedman suka yi aiki kan rashin yankewar amsar da siffar bakinta a daidai wannan lokaci, DiBenedetto kuma ya zo da dabarar auna lokaci da sarari gwargwadon girman amsar kanta, kafin hanya ta buɗe. Har ma an gano cewa bakin yana iya tsayawa cik na wani lokaci, ana ta sauye-sauye a bayansa, kafin ya motsa. Luis Caffarelli, in tuna wa ɗalibai, shi ya karɓi Abel, babbar lambar yabo ta lissafi, a 2023, kuma nazarin irin wannan baki mai motsi yana cikin abin da ya ja masa ita.

Idan kuma aka ɗauke bango, fili ya zama marar iyaka, sai wata tambaya ta taso wadda ba ta tasowa a cikin akwati: wane irin hali ake yarda amsa ta nuna a can nesa? Tun a 1935 Tychonoff ya nuna cewa ko lissafin zafi na Fourier yana da amsar da take somawa daga sifiri amma ba ta zauna a sifiri ba, matuƙar aka bar ta ta yi girma yadda ta ga dama a nesa. Ga lissafin ƙasa mai ƙofofi, Aronson da Caffarelli a 1983, da Bénilan da Crandall da Pierre a 1984, sun tsayar da iyakar daidai wa daida; idan m = 2, kada abin da aka soma da shi ya yi girman da ya wuce nisa sau nisa, kuma wanda ya tsaya a kan iyakar yana iya kumbura ya wuce kowane adadi cikin ƙayyadadden lokaci. A ganina wannan yana cikin mafi kyawun sakamako a fannin gaba ɗaya, domin sharaɗin da ya wadatar shi ne kuma sharaɗin da ba makawa sai da shi.

Manifol ya ƙara wa zancen gishiri, saboda a can siffar sararin ita ma tana da ta cewa. Li da Yau sun nuna a 1986 yadda lanƙwasar sarari take juya akalar lissafin zafi, a 2009 kuma Lu da Ni da Vázquez da Villani suka kai ƙiyasin Aronson da Bénilan zuwa manifol. A sararin haifabola, inda girman ƙwallo yake ninkawa a kai a kai da ƙaruwar nisa, wurin da za a cika ya yi yawa ƙwarai, shi ya sa Juan Luis Vázquez na Madrid ya nuna a 2015 cewa nisan da bakin yake kaiwa yana ƙaruwa ne kamar logaridim na lokaci kawai, wato a hankali ƙwarai. Masana a Milan, irin su Grillo da Muratori da Punzo, sun faɗaɗa wannan zuwa manifol masu lanƙwasa ta ƙasa da sifiri, kuma tambayoyi da dama suna nan a buɗe.

Ranka ya daɗe, ba za mu yi wa jama'a alkawarin cewa lissafi a kan manifol zai haƙa musu rijiyar burtsatse ba. Amma gaskiya ce cewa miliyoyin mutanenmu, daga yankin Tafkin Chadi zuwa kwarin Sakkwato da ƙasar Nijar, da ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha suke noman rani a fadamu, kuma lissafin Boussinesq yana cikin kayan aikin masu hasashen hawa da saukar wannan ruwa. Damuwata ita ce yawancin ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku sun ƙware wajen ɗora lissafi a kwamfuta su fitar da zane, kaɗan ne suke tsayawa su tambayi ko amsar tana nan, ko ita kaɗai ce, ko abin da na'urar ta zana yana kusantar ta. A lissafin da ƙarfinsa yake gushewa wannan sakaci yana da tsada, domin tsarin ƙididdigar da ba a auna shi da kyau ba yana iya shafe bakin gaba ɗaya, ko ya nuna ruwa ƙasa da sifiri.

Saboda haka muna da roƙo. Muna so, baya ga babbar laccar yau, ka zauna da ɗalibanmu a gaban allo ka bi da su hujjar ƙa'idar kwatanta amsoshi daki-daki, wato ƙa'idar da ta ce amsar da ta soma a ƙasa da wata ba za ta haye samanta ba, tun da a kanta aka gina rabin abin da na ambata. Muna kuma fatan ka duba yiwuwar haɗa hannu da malamanmu wajen duba aikin masu digirin digirgir, ka kuma ba mu shawara kan yadda za mu ƙarfafa darussan nazarin awo da sararin Sobolev a manhajarmu, waɗanda in ba su ba ɗalibi ba zai iya karanta ko shafin farko na takardun wannan fanni ba. Mai girma Shugaban Jami'a yana zaune a nan, muna kuma sa ran zai ji abin da za ka faɗa game da mujallun bincike da ɗakin karatunmu yake bukata.

Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya mayar da kai gida lafiya idan ka kammala. Jama'a, ina roƙonku ku taya ni tarbar Shehin Malami yayin da yake tasowa domin gabatar da laccarsa. Bismillah, ranka ya daɗe.