Darasi: Batir na Biyu a Motar Kwana, Yadda Yake Aiki da Abin da Ke Kashe Shi

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro, na nan Garwa da na Marwa da Kuseri, har da 'yan'uwanmu na ƙetaren kogin Logon a Injamena. Barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau a kan batir na biyu ne, wato batirin da ake ƙara wa motar da mutum yake kwana a cikinta, domin ya ba shi fitila da fanka da firij da cajin wayar salula alhali injin motar yana kashe.

Wannan tsari sananne ne a Turai, inda mutane ke mayar da ƙaramar bas ta zama ɗaki mai gado da wurin girki, su tafi hutu da ita. Faransawa suna ce wa irin wannan mota camping-car, kuma tun farkon shekarun 1950 kamfanin Westfalia na Jamus yake yi wa motocin Volkswagen wannan gyara. Dattawan cikinmu za su tuna da irinsu suna wucewa da baƙi zuwa gandun dajin Waza ko duwatsun Rumsiki. To amma mu a nan ba hutu ne ya sa muke buƙatar wannan ilimi ba. Direban da ya ɗauko kaya daga Ngaundare, inda layin dogo ya ƙare, ya gangaro Garwa, ya wuce Marwa, ya je ya yi kwanaki yana jiran takardu kafin ya haye gadar Ngeli, motarsa ta zama gidansa ko ya so ko bai so ba. Haka ɗan kasuwar da ke zaga kasuwannin ƙauye da abin sanyi, da ma'aikatan lafiya masu ɗaukar maganin da ba ya son zafi.

Bari in fara da abin da ya faru da ni, domin shi ya sa na ɗauki wannan magana da muhimmanci. Wata shekara a watan Afrilu, dare ya yi mini tsakanin Figil da Marwa, na ajiye mota na kwanta a ciki, zafi ya hana ni barci, sai na jona fanka da ƙaramin firij a batirin motar. Na yi barci mai daɗi. Da asuba bayan na idar da salla na murɗa makulli, sai na ji ƙas, ƙas, inji bai ko motsa ba. Sai da hantsi ya yi na samu bayin Allah suka tura ni. Abin da ya fi damuna shi ne, batirin nan sabo ne, amma daga wannan dare bai ƙara riƙe wuta kamar da ba, kuma bai kai ƙarshen damina ba na sauke shi.

Dalilin haka yana cikin ginin batirin. Batirin dalma, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙira a shekarar 1859, ɗakuna shida ne a jere cikin akwati guda, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya, su haɗu su ba da abin da muke kira bolt 12. A cikin kowane ɗaki akwai allunan dalma tsome cikin ruwan asid. Batirin tayar da mota allunansa sirara ne kuma suna da yawa, domin aikinsa shi ne ya saki wuta mai ƙarfi, amfiya ɗaruruwa, cikin daƙiƙa biyu ko uku, daga nan altaneta, wato janaretan da injin mota ke juyawa, ta karɓi aiki ta mayar masa da ɗan abin da ya fitar. Batir na biyu kuwa allunansa masu kauri ne, an gina shi ya riƙa sakin wuta kaɗan-kaɗan na tsawon dare, ya sauka ya sake hawa sau ɗaruruwa. Na farko kamar dokin sukuwa ne a ranar hawa, na biyu kamar jakin fatake ne. Idan ka ɗora wa dokin sukuwa buhunan masara ka nufi kasuwa da shi, zai kai kayan, amma ka karya shi. Siraran allunan nan idan aka zuƙe su ƙwarai sukan fara zubar da dalmarsu zuwa ƙasan akwati, kuma abin da ya zube ba ya komawa.

Yanzu mu zo kan lissafi, kuma ina roƙon mai sauraro ya ɗauko biro, domin a nan yawancin mutane ke asarar kuɗinsu. A jikin batir za ka ga an rubuta lamba, misali 100, da haruffa Ah a gefenta. Wannan shi ne girman randar, wato amfiya nawa zai iya bayarwa cikin sa'o'i nawa. Idan ka ninka 100 da bolt 12, ka samu wat 1200 na sa'a guda. Sai dai a batirin dalma rabin wannan ne kawai naka, domin ƙa'idar da masu ƙera shi suke bayarwa ita ce kada a saba sauke shi ƙasa da rabi. Ke nan 600 gare ka, ba 1200 ba.

Mu ɗauki misali. A ce firij ɗinka yana jan wat 45 idan injinsa na aiki, kuma a zafinmu ya yi aiki sa'a 12 cikin 24, ya ci 540. Fanka mai wat 15 ta kwana tana juyawa sa'a 8, ta ci 120. Ƙwan fitila biyu masu wat 5 kowanne, na sa'a 5, sun ci 50. Cajin wayoyi mu ba shi 40. Jimilla 750. Idan ka raba da 12, kana buƙatar kusan amfiya 63 a yini da dare, alhali batirin 100 na dalma 50 kawai zai ba ka cikin lafiya. Mai wannan kaya yana buƙatar batirin da ya kai 130 ko fiye, in ba haka ba kullum safiya batirinsa zai wayi gari a galabaice. Ku lura firij shi kaɗai ya cinye fiye da kashi biyu bisa uku, saboda haka ajiye mota a inuwar darbejiya da rage yawan buɗe murfin firij sun fi ƙarin batir sauƙi. Wanda kuma ya jona inbata domin ya samu wutar gida ta bolt 220, ya sani inbata tana cin nata rabon ko da ba a jona mata komai ba, sai a kashe ta idan an gama.

Ta yaya za ka san inda batirinka yake? Da ƙaramar mitar awon wuta, wadda ake samu a kowace kasuwar kayan lantarki. Ka kashe komai, ka bar batirin ya huta na wasu sa'o'i ba caji ba aiki, sannan ka ɗora jan tsinke a kan mai alamar tarawa, baƙi a kan mai alamar ɗebewa. Idan ka ga 12.6 ko 12.7, a cike yake. Idan ka ga wajen 12.2, ya kai rabi, lokacin caji ya yi. Idan ya sauka ƙasa da 12, an shiga haƙƙinsa. Mutane da yawa suna ganin 12 a mita su ce ai lafiya lau, tunda batirin bolt 12 ne, alhali a lokacin ya kusa zama fanko.

Abin da ke faruwa a ciki idan aka bar shi da yunwa shi ne zuciyar darasin nan. Duk lokacin da batir yake ba da wuta, asid yana haɗuwa da dalma su zama wani farin gishiri mai laushi a jikin alluna. Idan aka yi caji da wuri, gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwan batirin, dalma ta koma dalma. Idan aka bar shi kwanaki ko makonni a sauke, gishirin ya daskare ya yi tauri, caji ba ya iya narkar da shi kuma. Na sha fasa mataccen batir in nuna wa yaran gareji: allunan da ya kamata su zama ruwan toka da ruwan ƙasa-ƙasa, sai ka gan su sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu kanwa, wasu sun lanƙwashe. Irin wannan batir yana cika cikin ɗan lokaci, ya ƙare cikin ɗan lokaci, domin randar ta cika da tsakuwa, wurin ruwa ya ragu. Mai shi zai ce an sayar masa da jabu, wani lokaci gaskiyarsa ne, amma sau da yawa yunwa ce ta kashe shi.

Hanyoyin ciyar da shi uku ne. Ta farko ita ce altanetar motar. A nan kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauko waya a haɗa batir na biyu da na farko kai tsaye. Batira biyu da aka haɗa haka kamar randuna biyu ne da aka huda aka sa bututu a tsakaninsu, duk ruwan da ka ɗiba a ɗaya ya ragu a ɗayar, da safe duka biyun sun sauka, mota ta ƙi tashi. Dole a sa mai tsaron ƙofa a tsakani, wato rile mai jin ƙarfin wuta. Idan inji ya tashi wuta ta haura bolt 13 da ɗoriya, sai ya haɗa su a yi musu caji tare, idan aka kashe inji wuta ta sauko sai ya raba su. Sababbin motocin Turai kuwa altanetarsu kwamfuta ce ke sarrafa ta, tana rage wuta domin tattalin mai, saboda haka rile ba ya wadatarwa a cikinsu, sai an sa na'urar caji ta musamman da ke karɓar wuta daga batirin mota ta daidaita ta kafin ta ba na biyu. Kuma kada direba ya ruɗi kansa da barin inji yana ruri na rabin sa'a a tasha. Batirin dalma yana karɓar kason farko da sauri, amma kason ƙarshe sai a hankali, sai an yi tafiyar sa'o'i.

Hanya ta biyu ita ce rana, kuma ita Allah Ya hore mana. Farantin sola mai wat 200 a kan rufin mota, a lissafin takarda zai ba da wajen 1000 a yini, amma zafin faranti da ƙura da asarar waya sukan rage shi, saboda haka ka sa ran wajen 700. Kada a taɓa jona faranti da batir ba tare da kwantirola ba, domin ita ce ke tsayar da caji a wajen bolt 14.4 sannan ta sauko da shi idan batir ya cika. A lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe Binuwai, shafe faranti da ɗanyen tsumma kowace safiya yana ƙara wuta fiye da yadda ake zato. Hanya ta uku ita ce cajar wutar gida idan an samu masauki.

Sai maganar zafi, wadda littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita ba domin su sanyi ne matsalarsu. Ana auna batirin dalma a zafin digiri 25, kuma sananniyar ƙa'ida ce cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Mu kuwa a Maris da Afrilu muna haura 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe. Saboda haka kada a ajiye batir na biyu kusa da inji ko inda rana ke dukansa. A sa shi ƙasa, a ɗaure shi da kyau saboda ramukan hanya, a bar masa mashigar iska. Idan mai murfi ne, a riƙa duba ruwansa kowane wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, ba ruwan rijiya ba, ba na famfo ba, ba kuma ƙarin asid ba. Irin wannan batir yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, iska ce mai kama wuta, don haka ba a kwana da shi a rufaffen wuri sai an fitar masa da bututu waje. Wanda zai sa batir a ƙarƙashin gadonsa gara ya nemi rufaffe, irin AGM ko mai jel.

Game da batirin litiyum, irin wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, ra'ayina shi ne ga mai hali ya fi. Nauyinsa bai wuce rabin na dalma ba, ana iya amfani da kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, yana jure hawa da sauka sau dubbai, kuma barinsa a rabi ba ya cutar da shi. A misalinmu na ɗazu, litiyum mai 100 ya isa. Amma yana da sharuɗɗa. Dole ya kasance da allon kariyarsa a ciki, wanda ake kira BMS, dole caja da kwantirola su zama masu tsarin litiyum, kuma ba a haɗa shi da altaneta ta rile kawai, domin yana zuƙar wuta da ƙarfin da zai iya ƙona ta. Mitar bolt ma ba ta faɗin gaskiyarsa sosai, domin ƙarfinsa yana tsayawa kusan wuri ɗaya har ya kusa ƙarewa, sai an sa masa na'urar ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita.

Kowane iri ka zaɓa, ina roƙonka da girman Allah, kada ka bar gareji ba a sa maka fis ba, wato ɗan abin da ke tsinkewa ya yanke wuta idan ta yi yawa. A sa shi a jikin jan waya, kusa da kan batir, tazarar da ba ta wuce taƙi guda ba, kuma wayar da ta haɗa batira biyu a sa mata fis a kowane gefe, tunda wuta na iya zuwa daga ko'ina. Batir ba shi da makunni. Idan gefen ƙarfe ya goge fatar waya a kan hanya, wayar za ta yi ja kamar garwashi cikin ƙiftawar ido, kuma katifa tana kusa. A yi amfani da waya mai kauri daidai da nisan da za ta yi, duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, sannan bayan tafiyar farko a sake bin kawunan da sifana, domin girgizar hanya takan sassauta su, kuma sassautaccen kai shi ne yake fara yin zafi.