Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Hotuna da Nagatif, Yaya Za a Mai da Su Cikin Waya?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Daga nan Bauchi muke gabatar muku da filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku na ware yau, duk a kan abu ɗaya ne: hotunan da ke kwance a adaka da ƙarƙashin gado, da yadda za a kwafe su cikin waya ko kwamfuta tun gara da fumfuna ba su cinye su ba.

Ta farko daga wata Hajiya ce a Azare. Ta ce maigidanta ya rasu ya bar albam biyu da wata ambulan cike da baƙaƙen ledoji masu huji-huji a gefe. 'Ya'yanta sun ɗauki hotunan albam ɗin da waya, yanzu suna cewa a zubar da ledojin. Tana tambaya, a zubar ko a ajiye?

Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji, ya kai haske kabarinsa. Don Allah kada ki bari a zubar da ko guda. Waɗannan ledojin su ne nagatif, su ne uwar hoto. Abin da ke cikin albam 'ya'ya ne kawai da mai wankin hoto ya fitar daga jikinsu. Hoton takarda ya sha rana, ya sha hannu, launinsa ya koma ja-ja, amma sau da yawa nagatif da ya zauna cikin duhun ambulan yana nan da kyansa. Kuma ki sani, a da ba kowane hoto ake wankewa ba, mutum kan zaɓi na kuɗin da ke aljihunsa ne. Ba mamaki a cikin ambulan ɗin nan akwai fuskokin da ke kanki ba ki taɓa gani a takarda ba.

Irin wannan fim shi ake kira mai milimita 35, kowane hoto a jikinsa milimita 24 ne a faɗi, 36 a tsawo. Tunda ɗan mitsitsi ne haka, sikana ta takardun ofis ba ta iya masa, don ita haske take watsawa a kan takarda, shi kuwa nagatif sai haske ya ratsa ta bayansa. Ki aiki yaro shagon hoto ya tambaya ko suna da sikana mai fitila a murfi, irin su Epson V600. Ya ce a ɗauka da ɗigo 2,400 a kowane inci ko fiye. A haka kowane hoto zai fito da kusan ɗigo 3,400 a tsawo, ya isa a wanke shi babba a rataye a falo. Hoton takarda kuwa, 600 ya wadatar.

Kafin a kai, a riƙa kama nagatif ta gefe-gefe, ban da dangwala yatsa a tsakiya. Ƙurar hunturun nan tamu yashi ce, idan aka goge da tsumma sai ta karce fim, karcen kuma ba ya gyaruwa. A hure ta da 'yar robar hura iska ko a share da burushi mai laushi. Idan kin buɗe ambulan kin ji warin tsami irin na binega, to fim ɗin ya fara ruɓewa ke nan. Ki ware shi daga sauran, shi za a fara kwafewa.

Wasiƙa ta biyu wani ɗalibi ne ya aiko daga Jekadafari a Gombe. Ya ce ba shi da kuɗin shago, waya kaɗai gare shi, kuma hoton kakansa ya manne da gilashin firam.

Ƙanena, wayarka ta isa ta yi aiki mai kyau idan ka yi haƙuri. Fita da hoton inuwar zaure da hantsi, inda haske ya wadata amma rana ba ta dukansa. Kashe fitilar kyamara, goge idon kyamarar, ka tsayar da waya daidai saman hoton ba a karkace ba. Akwai manhajar PhotoScan da kamfanin Google ya fitar a 2016, tana ɗaukar hoto ta kusurwa huɗu ta haɗe su don ta kawar da ƙyalli. Nagatif ma yana yiwuwa: buɗe farin shafi a wata wayar, ƙure haskenta, ka ɗaga fim ɗin sama da gilashinta kaɗan don kada ɗige-ɗigen allon su fito, sannan ka ɗauka ka juya launin da manhaja, tunda a jikin nagatif launi a juye yake. Na baƙi da fari yana fita tas. Mai launi kuwa jikinsa ruwan lemo ne, in ka juya sai ya koma shuɗi, sai ka zauna ka gyara.

Batun gilashi, kada ka ɓamɓare. Na gani da idona a gidanmu. Akwai hoton mahaifinmu guda ɗaya a kan doki ranar hawan sallah, da rawani da alkyabba, damina ta sa ya manne da gilashi. Wani ɗan'uwanmu, da kyakkyawar niyya, ya sa reza ya ɗaga. Rabin fuskar Baba ta zauna a gilashi, rabi ta bi takarda. Mahaifiyarmu ta karɓa ta daɗe tana kallo, ba ta ce uffan ba, ta naɗe shi a ɗankwali ta mayar cikin adaka. Nagatif ɗinsa kuwa tuni an share shi da shara. Ka goge gilashin ta waje kawai, ka ɗauki hoton kakanka ta cikinsa yadda yake. Haka nan masu kai tsohon hoto a liƙe shi da leda mai zafi, ku daina, don in ya shiga ba ya fitowa.

Ta ƙarshe daga wani tsohon malamin makaranta ce a Dass. Yana da akwati na ƙananan hotuna masu firam ɗin kwali da ake haskawa a bango da majigi, wasu an rubuta Kodachrome a jikinsu.

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Waɗannan silaid ne, kuma ba sa buƙatar juya launi, yadda ka gan su a haske haka suke. Kodak ta fara yin Kodachrome a 1935, ta daina a 2009, kuma an san shi da riƙe launi shekaru da dama muddin yana cikin duhu. Hasken majigi ne ke kashe shi, don haka a rage haskawa, a kai su sikana irin wadda na faɗa wa Hajiya. Ka roƙa a ba ka kwafi biyu, TIFF na ajiya wanda ba a matse shi ba, da JPEG na rabawa. In za ka tura wa 'ya'ya ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, wato Document, in ba haka ba manhajar za ta matse shi ta rage masa kyau. Kada kuma ka dogara da waya ɗaya ko filas ɗaya. Ajiye a kwamfuta, ajiye a intanet, ka ba wani ɗa da ke wani gari nasa kwafin.

Sannan Malam, akwai aikin da babu na'urar da za ta yi maka. Ka zaunar da jika da biro da littafi, a riƙa ɗaga silaid ɗaya bayan ɗaya ta taga, kana faɗin wane ne wannan, wace shekara ce, ajin nawa ne, gaban wane dutse aka tsaya. A sa wa kowanne lamba, a sa lambar a sunan fayil ɗinsa. Hajiya, ke ma haka, tun kina iya gane ƙawayen amarya a hoton bikinki.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya daga Misau a kan kaset ɗin bidiyo na biki, wasiƙarka tana hannuna, da ita za mu buɗe filin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.