Lodi fiye da ƙima: tattaunawa kan motocin haya a Zamfara

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan Gusau. Ni ce Rabi, ina tare da Malam Bello da Sanusi, kuma yau za mu duba cunkoson da ake yi a motocin haya da abin da ya sa gyaran harkar ya gagara. Malam Bello, bisimilla.

Bello: Na gode, Hajiya. Duk wanda ya saba zuwa tasha da sassafe ya san yadda abin yake. Bas ƙirar Hiace, layin kujerar da aka yi domin mutum uku sai an cusa masa huɗu, a gaba kuma mutum biyu ne kan kujerar mutum ɗaya, har direba ba ya iya sa giya sai ya ture gwiwar fasinja. Buhunan hatsi suna ƙarƙashin ƙafafu, an bar but a buɗe an ɗaure kaya da igiya, ga ɗan kamasho yana ta kiran "saura mutum ɗaya", alhali wanda yake ciki ya san ko numfashi da ƙyar ake yi. A haka za a ɗauki hanyar Sakkwato ko ta Funtua.

Sanusi: Malam, kafin a ɗora wa direba laifin duka, a yi masa lissafi. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, taya da baƙin mai da duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi suka yi tashin gwauron zabi. Direban nan yawanci motar ba tasa ba ce, akwai balas da zai kai wa mai mota, akwai kuɗin tasha, akwai abin da yake bari a shingayen hanya. Idan ya ƙara kuɗin mota daidai da tsadar mai, fasinja ba zai iya biya ba, shi ya sa yake ƙara yawan mutanen maimakon kuɗin.

Rabi: Na ji lissafinka, Sanusi, amma lodin nan ya girmi cire tallafi. Lokacin da mai yake da araha ma huɗu-huɗu ake zama. Kuma ina so a faɗi wanda ya fi shan wahalar, wato mace mai goyo ko mai ciki da za a matse tsakanin maza na tsawon sa'o'i, da tsohon da zai je asibiti. Bayan ƙaddamar da shari'a a jihar nan a zamanin Gwamna Ahmed Sani Yarima, an ware wa mata motocin haya nasu. Manufar ta yi kyau, sai dai raba fasinja gida biyu yana buƙatar motoci wadatattu, in babu su kuwa macen ce za ta daɗe a tsaye tana jira.

Bello: Akwai kuma dalilin da ya shafi Zamfara fiye da wasu jihohi, wanda ban cika jin ana ambata ba, shi ne lokaci. A da mutum yakan tashi bayan sallar asuba, ko ya bari sai la'asar, wani ma ya yi tafiyar dare. Yanzu saboda 'yan bindiga, hanyar Tsafe da ta Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi ba a son binsu sai rana ta fito sosai, kuma kowa yana so ya isa kafin magariba. Hanyar Ɗansadau kuwa an kai matsayin da matafiya suke jiran rakiyar jami'an tsaro. Tafiyar da a da take bazuwa cikin yini guda yanzu ta taru a 'yan sa'o'i kaɗan. Direban da yake yin sawu biyu ya koma yin ɗaya, dole ya fitar da kuɗin yininsa a wannan sawun. Fasinja kuma da kansa yake roƙon a matsa masa, domin ya san idan wannan motar ta tashi babu wata sai gobe.

Rabi: Ke nan ko jami'an kiyaye haɗurra sun tsaurara, matsalar ba za ta kau ba?

Bello: Hukumar kiyaye haɗurra tana nan tun 1988, kuma lodi fiye da ƙima laifi ne a dokarta. Amma jami'in da ya sauke mutum uku a tsakiyar daji da yamma, anya ya taimake su?

Sanusi: To gwamnati ta sayo manyan bas-bas mana, masu ɗaukar mutane da yawa a sawu ɗaya.

Bello: Ai ba a nan gizo yake saƙar ba. Tun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin motocin sufurin jama'a, jihohi suka kafa hukumomin sufuri nasu, kuma daga lokacin an sha sayo motoci a ƙasar nan. Sayen mota shi ne mafi sauƙi, domin ana yanka kintinkiri a ɗauki hoto. Abin da yake kashe shirin shi ne garejin da babu kayan gyara, da kuɗin tikiti da ba ya isa asusu, da farashin da aka karya domin farantawa jama'a ba tare da an ware kuɗin cike giɓin ba. Mota ɗaya ta lalace, sai a cire kayanta a gyara wata, sannu a hankali a wayi gari rabinsu suna kan duwatsu babu tayoyi.

Sanusi: Gwamnatin tarayya tana ta maganar mayar da motoci su koma amfani da iskar gas ta CNG, wadda ta fi fetur araha.

Rabi: Araha ce ga wanda yake da wurin sha a kusa. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ya biyo ta Abuja da Kaduna ya nufi Kano, bai biyo ta Gusau ba, sai dai a riƙa kawo mana gas ɗin a manyan motoci. Haka masu cewa a kwaikwayi Legas, wadda ta fara bas na BRT a 2008 da layinsa na daban a kan titi. Legas cunkoson titi take fama da shi, mu kuwa cikin gari Keke Napep da kabu-kabu ne suke jigila, wahalarmu tana tsakanin gari da gari. Ni abin da nake so shi ne mota mai lokacin tashi, ƙarfe takwas ta tashi ko ta cika ko ba ta cika ba, kowa da tikitinsa da kujerarsa.

Sanusi: Hajiya, kujerar da ta tafi babu kowa wa zai biya kuɗinta? Kuma kada a manta da ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda tsarin layi a tasha yake hannunta. Ba za su ji daɗin motar da za ta kwashe musu fasinja a rabin farashi ba, kuma su ma iyali suke ciyarwa.

Rabi: Shi ya sa nake ganin a yi tsarin da su. Maimakon gwamnati ta zama direba kuma makanike, ta ƙulla yarjejeniya da masu motocin da suke kan hanya, ta biya su wani abu a kan kowane sawu da suka tashi a kan lokaci da adadin fasinjan da doka ta yarda, wanda ya ƙara mutum kuma ya rasa kuɗin.

Bello: Wa zai ƙirga sawun? Idan takarda ce a hannun ma'aikaci, za a biya sawun da ba a yi ba. Sai dai a sa wa kowace mota na'urar bibiya, a kuma riƙa bayyana abin da aka biya. Ni zan ƙara da batun kaya, domin buhunan da suke cin wurin ƙafar fasinja ba wurinsu ba ne. Layin dogo ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, ya biyo ta Funtua da Gusau, a da shi ne yake kwashe gyaɗa da auduga. Da jirgin yana zirga-zirga yadda ya kamata, da hatsi da dabbobi sun bar wa mutane bas.

Sanusi: Jirgin ma ta daji zai bi, Malam, shi ma sai an ba shi tsaro.

Rabi: Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba za mu gayyato direba da ɗan kamasho su kawo mana lissafin sawu ɗaya daga Gusau zuwa Talatar Mafara, tun daga kuɗin mai har zuwa balas. Sai mun sake saduwa, wassalamu alaikum.