Me ya sa jinin mai sikila yake manne wa bangon jijiya?

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Duk gidan da ke da yaro mai sikila an san bayanin da ake yi: jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe su zama kamar lauje, sai su toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. Bayanin gaskiya ne, amma rabi ne. Da lanƙwashewa kaɗai ce matsalar, ai da ciwon ba ya kwanciya ko na yini guda, domin irin waɗannan ƙwayoyin suna yawo a jikinsa dare da rana. To me ya sa yakan yi wata biyu lafiya lau, sannan zazzaɓi ɗaya ko sanyin hunturu ya kwantar da shi? Amsar tana jikin bangon jijiyar jinin.

 A ce an tsaga jijiya an buɗe cikinta. Shimfiɗar da za ku gani a bangonta ta ciki, likitoci suna kiranta endotiliyam. Kaurinta ƙwayar halitta ɗaya ce tak, amma ta lulluɓe cikin kowace jijiyar jini, tun daga zuciya har zuwa 'yan ƙananan da suka fi gashin kai siranta. An daɗe ana ɗaukarta santsi kawai, wurin da jini ke zamewa ya wuce. A 1980 wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Robert Furchgott ya nuna cewa idan aka kankare wannan shimfiɗar, jijiya ba ta sakin jiki ta buɗe yadda ya kamata. Daga baya aka gano cewa wata iska ce take fitarwa, naitirik okzaid, wadda ke sa jijiya ta buɗe, ta kuma hana ƙwayoyin jini maƙalewa a bango. Wannan aikin ya kai ga lambar yabo ta Nobel a 1998.

Wato a lokacin lafiya aikin shimfiɗar shi ne ta hana komai tsayawa. Amma tana da aiki na biyu wanda ya saɓa wa na farko, kuma ba za mu rayu ba sai da shi.

A ce ƙusa ta soki ƙafarka, ƙwayoyin cuta suka shiga. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu yaƙin, suna cikin jijiya jini na tafe da su a guje. Ta yaya za su san inda za su sauka? Shimfiɗar wurin ce ke tare su. Cikin 'yan mintuna takan fito da wani furotin mai suna P-selektin, wanda dama yana ajiye a cikin wasu ƙananan jakunkuna a cikinta. Aikinsa kamar na ƙarangiya ne da ta kama gefen riga: yana kamawa, ya saki, ya sake kamawa. Farar ƙwayar jini sai ta rage gudu ta fara mirginawa a jikin bango. Tana cikin mirginawar take jin saƙon da ke fitowa daga wurin raunin, nan take wasu furotin da ke jikinta, intagirin, su miƙe su damƙi wasu furotin masu suna ICAM-1 da VCAM-1 a kan shimfiɗar. Ta tsaya cak. Daga nan ta baje jikinta, ta lallaɓa ta kutsa tsakanin ƙwayoyin shimfiɗar ta fita zuwa cikin tsoka. Ja da zafi da kumburin da kake gani a ƙafarka, alamar wannan aiki ce. Wani Bajamushe mai suna Julius Cohnheim ya kalli fitar fararen ƙwayoyin da idonsa a jijiyoyin kwaɗo tun 1867, sai dai sunayen furotin ɗin da ke yin kamun sun jira fiye da shekara 100 kafin a san su.

Idan kuna son sanin darajar wannan mannewa, akwai jariran da ake haifa da nakasa a intagirin ɗinsu. Cibiyarsu takan daɗe ba ta faɗi ba, gyambonsu ba ya yin mugunya, kuma cuta kan kama su a kai a kai, alhali jininsu cike yake da fararen ƙwayoyi. Mayaƙan suna nan, hanyar sauka ce babu.

Mu dawo ga mai sikila. Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, da yawa kuma a cikin jijiya suke fashewa. Himogulobin da ya zube, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jar ƙwaya, yana cinye naitirik okzaid ɗin nan mai sa jijiya ta buɗe, ɓurɓushinsa kuma yana tsokanar shimfiɗar ta fito da P-selektin alhali babu rauni, babu ƙusa. Saboda haka jijiyoyin mai sikila kusan kullum a shirin yaƙi suke, ko ranar da yake wasa da dariya.

A 1980, Robert Hebbel na Jami'ar Minnesota a Amurka ya nuna cewa jajayen ƙwayoyin masu sikila suna manne wa endotiliyam fiye da na sauran mutane, kuma waɗanda jininsu ya fi mannewa su ne ciwonsu ya fi tsanani. A 2002 ɗakin binciken Paul Frenette a New York ya leƙa cikin jijiyoyin ɓeraye masu sikila suna raye, aka ga abin da ya sauya tunanin mutane da yawa: fararen ƙwayoyi ne ke fara manne wa bango, sannan su riƙa cafke jajayen da ke wucewa.

A nan ne maganar lokaci ta shigo, kuma a ganina nan ne zuciyar lamarin. Himogulobin na sikila ba ya daskarewa nan take bayan ya sauke iskar oksijin. Akwai ɗan jinkiri. Jar ƙwaya takan ratsa ƙaramar jijiya cikin kamar daƙiƙa ɗaya, don haka mafi yawansu sukan fice zuwa jijiya mai faɗi kafin su lanƙwashe. Amma idan bango ya riƙe ta, ko farar ƙwaya ta tare hanya, sai lokacin ya ƙure mata a wuri mai matsi. Ta ƙage a nan, na bayanta su taru, oksijin ya ragu, wasu ma su lanƙwashe. Ƙashin da jini bai isa gare shi ba, shi ne tushen wannan ciwon da ke sa yaro kururuwa. Ko bayan hanya ta buɗe, dawowar jinin kanta tana ƙara fusata shimfiɗar.

Yanzu za ku gane dalilin da zazzaɓin cizon sauro ko ciwon huhu ke tayar da sikila. Kowace cuta tana sa jiki ya saki saƙonnin kumburi, shimfiɗa ta ƙara danƙo, fararen ƙwayoyi su ƙaru. Sanyi yana tsuke jijiya, ƙishirwa tana rage gudun jini. Shi zazzaɓin cizon sauro ma yana da tasa dabarar ta mannewa ko a jikin wanda ba shi da sikila: ƙwayar cutar da ke haddasa shi, falsifaram, takan dasa furotin ɗinta a bayan jar ƙwayar da ta shiga, ta liƙe a bango don kada saifa ta tace ta. Idan hakan ya faru a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, shi ne zazzaɓin da ke sa yaro suma da jijjiga.

Tambayar da kowa zai yi ita ce, me zai hana a toshe P-selektin ɗin? An gwada. Wani magani mai suna crizanlizumab, a gwajin da aka wallafa a 2017 kan mutum 198, ya rage tashin ciwo da kashi 45 cikin 100, Amurka ta amince da shi a 2019. Sai gwaji na gaba, wanda ya fi girma, bai nuna ya fi ruwan da babu magani a cikinsa, wanda aka ba wasu don kwatantawa, amfani ba, Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2023. Wannan labari yana da ciwo ga iyalan da suka sa rai. Abin da ya nuna shi ne hanyoyin mannewar suna da yawa, toshe ɗaya ba lallai ya wadatar ba. Kuma ko da ya yi aiki, magani ne na ƙarin ruwa duk wata, mai tsadar da ta fi ƙarfin kusan kowane gida a Najeriya, ƙasar da ake haifar jarirai masu sikila kimanin 150,000 duk shekara.

Shi ya sa nake ganin tsohon magani, haidiroksiyuriya, ya cancanci a ƙara saninsa a wajenmu. Ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a rana. An fi saninta da ƙara himogulobin irin na jarirai, wanda ke jinkirta daskarewa. Amma tana kuma rage yawan fararen ƙwayoyi da ɗanyun jajayen ƙwayoyi, waɗanda su ne suka fi danƙo. Ta taɓa matsalar ta fuska biyu ke nan. A asibitocin Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, an yi gwajin da aka wallafa a 2022 kan yaran da awon jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka ga ko ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya. Ba a sayensa a kemis a sha da ka, domin yana buƙatar likita da gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Iyaye, ku tambayi likitan yaronku ko ya dace da shi. Sannan gidan sauro, rigakafi, ruwan sha isasshe da rigar sanyi duk suna rage abin da ke tsokanar bangon jijiya. Idan zafin jikin mai sikila ya kai digiri 38.5 a ma'aunin Salsiyos, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ciwon ƙashi ya fara.